Tabarau Biyar na Mai Kemis

Masu bina a wannan shafi, barkanku da warhaka. Ku gyara zama, yau akwai magana. Wanda yau ya fara shigowa ma ya hau, ba na barin fasinja a bakin hanya.

Ni ne Ba-Birki. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina jan babbar mota. Na faɗa rami sau biyu, na kife sau ɗaya da buhun siminti ɗari shida a bayana, na fito ta taga ina kakkaɓe riga ina tambayar ina hulata. Sunan ma na samo shi ne ranar da birki ya tsinke mini a kan wata gangara, na sauko da motar har ƙasa ban taka ko kaza ba. Akwai likitan da ya taɓa ce wa iyalina su fara haƙuri da ni. Shi likitan yau shekararsa tara da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Mutumin kirki ne, lissafi ne dai bai iya ba.

To mutumin da duk wannan bai kayar ba, shekaranjiya tabarau ya kayar da shi.

Ga waɗanda ba su sani ba, duk Asabar da ƙarfe huɗu muna haɗuwa mu huɗu a falon Malama mu yi wasan Tsibiran Gishiri. Ba karta ba ce, ba ludo ba ne, kada wani ya sake tambayata. Labari ne ake yi da baki a kan tebur. Kowa yana da mutuminsa a ciki, Malama ce mai jan labarin: ita ce teku, ita ce iska, ita ce duk mugun da za mu gamu da shi. In ka ce mutuminka zai yi tsalle ko zai sari wani, sai ka jefa ƙwaya mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita za ta faɗa ko ka ci ko ka sha ƙasa. Dokokin suna cikin wani littafi mai kaurin batirin mota.

Mutumina sunansa Dogon Kafaɗa, mayaƙi ne mai gatari. Wata goma sha huɗu bai taɓa faɗuwa ba. Ni ya gado. Mai Kemis na bakin titinmu yana da matsafi, ya mutu sau uku ana sake masa sabo. Sai Tela, wadda ke ɗinki a shagon ƙasan bene, tata ɓarauniya ce.

Ita Malama shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu kamar yadda matata ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tabaraunta na rataye a wuya da sarƙa, ba ta ɗaga murya, amma ranar da ta fara yin muryar mugun labarinmu, Mai Ƙararrawa, sai da gashin hannuna ya miƙe. Na ce a raina, matar nan ko dai in aure ta ko in daina zuwa gidan nan. Sati uku da suka wuce na faɗa mata. Ta gyara mayafi ta ce, "Direba, bari mu gama da Mai Ƙararrawa tukuna. Ba na yanke hukunci biyu a lokaci ɗaya."

Na tafi gida ina taku kamar an ba ni sabuwar mota. Washegari Tela ta tsegunta mini cewa Mai Kemis ma ya tambaya, amsar da aka ba shi ke nan, ko wasali bai canja ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Ban iya karatu ba. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Lamba na sani, direba ba ya rasa sanin lamba. Duk wannan rubutu da kuke yabawa, magana nake yi waya tana rubutawa, abin da kuka rubuto kuma ita ke karanta mini. A teburin Malama kullum sai in ce na manta tabarau a gida. Takardar bayanan Dogon Kafaɗa haddace ta na yi, na san lambar ƙarfinsa tana sama ta dama, ta jininsa tana tsakiya. Kuma da bakina na ce musu na karanta littafin nan sau biyu, har na ce na biyun ya fi daɗi.

Safiyar Asabar ina goge shuɗiyar rigata mai aljihu biyu, sai ga babbar 'yata, wadda nake kira Uwata, ta shigo da kwalaye a naɗe a hammata. Ko kayan aikin asibiti ba ta cire ba.

"Baba, kwali nawa kake ganin zai kwashe ɗakin nan?"

"Wa zai yi tafiya, Uwata?"

"Kai. Mun gama magana da ƙannena. Ƙarshen wata ka dawo wurina, na gyara maka ɗakin baya."

Gidanta tafiyar awa uku ce, sai an canja mota biyu. Wanda ya koma can ya yi sallama da Asabar.

"Ni da na kwana uku a daji da mota a kife, ni ne ba zan iya zama a ɗakina ba?"

"A dajin ba ka bar tukunya a wuta ka tafi aski ba. Sau biyu a wata ɗaya, Baba. Maƙwabta ne suka ɓalle taga."

"Tukunyar ce ba ta da kauri."

Ta ɗauki ɗan gunkin Dogon Kafaɗa da ke kan rediyo, wanda na shafa wa fenti da hannuna, ta juya shi. "Shekara saba'in da biyu kana wasa da 'yar tsana."

"Mayaƙi ne. Ajiye shi, ba ya son a riƙe shi ta kai."

Ta shinshina iska, ta dubi rigar, ta dubi kwalbar turaren da na ɓoye bayan fulas. "Har yanzu maganar Malamar nan ce?"

"Yau za a ba ni amsa."

"To shi ke nan. In ta amince, ga mai kula da kai, na ɗauke kwalayena. In ba ta amince ba, ƙarshen wata ina nan da mota." Ta jingine su a bango ta fita. Halina ne da ita tsaf, shi ya sa ba na cin ta a gardama.

Bari in gaya muku inda wasa ya tsaya. Mai Ƙararrawa da can shi ne mai gadin hasumiyar fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Yana da wata ƙararrawa, duk wanda ya ji bugunta sau uku ya manta ko shi wane ne, ya bi shi kamar tunkiya. Wancan satin an tashi ya buga biyu, Dogon Kafaɗa na tsaye a gabansa. Sati guda zaurenmu na waya bai huta ba.

Ni na fara, da murya kamar kullum, don na ce musu yatsuna sun yi wa waya girma. "Dogon Kafaɗa ba ya ji da kunnen hagu, kamar ni. Rabin bugu zai ji. Uku a raba biyu, ɗaya da rabi. Bai kai ba."

Mai Kemis ya turo rubutu mai tsawon takardar cikin kwalin magani. Waya ta yi ta karanto shi har shayina ya huce. Wai shafi na tamanin da takwas ya ce ƙarar ta ƙashi take shiga, ba ta kunne ba, ko kurma bai tsira ba.

Tela ta ce, "Ni tambayata ɗaya. Ƙararrawar tagulla ce ko zinariya? In san ko ta kai a sace."

Mai Kemis ya ce Mai Ƙararrawa ba mutum ba ne ma, ruhin teku ne ya shiga gawar mai gadi. Na ce ƙarya ne, ruhi ba ya tari, Malama kuwa tana tari in ta yi muryarsa. Malama ta turo layi ɗaya: "Mura nake yi."

Ranar Alhamis na shiga babban dandalin masu son wasan, inda mutane dubbai ke zagin juna a kan Mai Ƙararrawa, na sa waya ta karanta mini wani dogon rubutu. Ta ce "hoto", sannan ta ci gaba. Jama'a, na samu abin da nake nema. Ashe Mai Ƙararrawa yana da mata. Ranar da ya bar fitila ta mutu, jirgin da take ciki ya nitse. Ya ƙera ƙararrawar ne don ya manta da ita, amma ta ƙi cinsa, saboda ba ta cin mutumin da ya rasa matarsa. Dogon Kafaɗa kuwa tun ranar farko na faɗa, matarsa ta rasu.

Na danna murya: "Ku kwantar da hankalinku. Ƙararrawa ba ta cin wanda ya rasa mata. Yana cikin littafi."

Mai Kemis ya ce, "Wane shafi?"

Lambar motata ta farko ce ta zo mini baki. "Ɗari biyu da goma sha biyu."

Asabar ɗin, ƙarfe huɗu saura kwata ina falon Malama. Ta naɗe farin ƙyallen tebur ta shimfiɗa taswira, ga fulas ɗin shayi, ga biskit a faranti mai bakin zinariya, ga agogon bango da ke gaba da minti biyar don kada kowa ya makara. Ta sa doguwar riga ruwan ƙasa da ɗan kunne ƙanana. Mai Kemis ya zo cikin kwat da zafin nan, da jakar fata a hannu, yana ƙamshin man zafi.

"Babban direba," in ji shi, "an sha turare."

"Likitan kanti, an sha gumi."

Malama ta zauna, ta sauke murya can ƙasa. "Iska ta tsaya. Mai Ƙararrawa ya ɗaga hannu, ya dubi Dogon Kafaɗa, ya ce, 'Faɗi sunanka na ƙarshe, ɗan tudu.' Sai ya buga na uku."

Na harɗe hannu. "Dogon Kafaɗa ya yi hamma. Ba ta cinsa."

"Malama, a duba doka," in ji Mai Kemis.

Malama ta turo mini littafin. "Ni ban tuna wannan wurin ba, Direba. Karanta mana mu ji."

Na shafa aljihun dama, na shafa na hagu. "Kash. Kun ga na sake mantawa da tabarau."

Sai mutumin nan ya yi murmushi, ya zuge jakarsa, ya jera tabarau biyar a kan taswira, kowanne da 'yar takardarsa a rataye. "Na san za ka manta. Daga mai sauƙi har mai ƙarfi. Zaɓi."

Na rantse muku, ranar gangara zuciyata ba ta buga haka ba.

Na sa na farko, na ce yana juya mini kai. Na biyu na ce yana matse hanci. Na uku na ce na mata ne.

"Kawu, irin na Mai Kemis ne sak," in ji Tela.

"Shi na faɗa."

Na huɗu na ce akwai tsaga, aka duba babu. Saura na biyar. Na ɗora shi, sai duniya ta washe. Na ga zaren mayafin Malama ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe littafi, na bi lamba har ɗari biyu da goma sha biyu, ga baƙaƙe a jere kamar tururuwa, kowace da ƙafafunta. Ban taɓa ganin jahilcina tar haka ba.

Amma Ba-Birki ba ya tsayawa a gangara. Na ɗora yatsa a layin farko, na gyara murya, na fara.

Na zubo duk abin da waya ta karanta mini, fitila, jirgi, mata, har da inda ake numfasawa. Da ya ƙare na ga yatsana bai kai rabin shafi ba, sai na ci gaba da nawa. Na ce mai gadin nan har yau in ya tashi da safe kofi biyu yake saukowa da su, sai ya zuba na farko ya tuna. Na ce yana barin tukunya a wuta, don shekara arba'in akwai mai ƙwala masa kira daga ɗaki ta ce sauke. Na ce takalminta yana bayan ƙofa, ya hana a taɓa, in an tambaye shi sai ya ce ƙofar yake tokarewa da shi.

Da na ɗago, Tela tana share ido da gefen mayafi. Malama ba ta kallon littafi, ni take kallo.

Mai Kemis ya buɗe nasa littafin, ya lashi yatsa, ya juya, ya juya. Ya yi gyaran murya. "Shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Jerin kayan tafiya. Igiya mai kamu hamsin. Jarkar ruwa. Abincin jaki na kwana bakwai."

"Bugun littafinka daban ne," na ce.

"Kanti ɗaya aka sayo su, rana ɗaya."

Tela ta zaro waya. "Tsaya, Kawu, ni fa na san labarin matar nan. Ba na dandali ba ne? Ga shi. Ai mai shi ya sa hoto a sama, ya rubuta da ja, manya-manya: wannan ƙirƙirata ce, ba ta cikin littafi." Ta miƙo mini har hanci. "Ba ka gani ba?"

Hoto. Abin da waya ta ce ke nan ta wuce. Ba ta karanta rubutun da ke jikin hoto, ni kuma ban taɓa sani ba.

Na cire tabarau na ajiye a kan tekun taswira.

"Na gani," na ce. "Karantawa ce ban yi ba. Ban iya ba. Na kai kaya garuruwan da ba ku taɓa jin sunansu ba, ban taɓa ɓata ba, kuma ban taɓa karanta allon hanya ko ɗaya ba. Wanda zai iya haka a cikinku ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga. Mai Kemis ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyan kwat. "Wallahi, Direba, na ɗauka rowar sayen tabarau kake yi. Da na sani..." Ya tattara huɗu ya mayar jaka, ya turo mini na biyar. "Riƙe wannan. Ya yi maka kyau."

Na so ya yi dariya in samu wanda zan yi wa faɗa. Ya ƙi.

Malama ta ɗauki ƙwaya ta ajiye a gabana. "Doka doka ce. Kana bukatar sha biyu."

Na hura, na girgiza, na jefa. Huɗu.

"Dogon Kafaɗa ya saki gatari," in ji ta. "Ya dubi hannuwansa bai san na wane ne ba."

Matsafin Mai Kemis ya karanto tsafi mai baiti tara, ya jefa biyu, ya ƙone gemunsa. Sai Tela ta ajiye biskit.

"Malama, kin tuna wancan satin, suna gardama, na ce ɓarauniyata ta hau rufi?"

"Na rubuta."

"To ta zuro da almakashi ta datse igiyar da ke riƙe da harshen ƙararrawar."

Ta jefa, sha tara. Ƙararrawa ta zama kwano. Mai Ƙararrawa ya yi ta kaɗa ta babu sauti, ɓarauniya ta tura shi ta taga ya faɗa teku. Wata goma sha huɗu muna shirin yaƙi, aka gama da shi da kayan ɗinki.

"Tagulla ce ma," in ji Tela. "Asara."

An gama da Mai Ƙararrawa ke nan. Ni da Mai Kemis muka dubi juna, muka dubi Malama. Ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito da takarda biyu a ninke. Ta ba shi ɗaya. Ya buɗe a bakin ƙofa, ido ɗaya ya yi mata, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "To, madalla," ya fita. Madallar murna ce ko ta haƙuri, na kasa ganewa. Mutumin da ya shekara talatin yana ba mutane magani mai ɗaci yana cewa ba ɗaci, ina za ka karanta fuskarsa?

Tela ta ja jakarta ta bi shi, tana waiwaye.

"Direba, amsarka tana ciki," in ji Malama, ta miƙo mini ɗayar. "Layi uku ne. Sharaɗi ɗaya: ba 'yarka, ba Tela, ba wayar nan taka. Kai za ka karanta."

"Malama, ai yanzu kika ji da kunnenki."

"Na ji. Shekara talatin da biyar ina koya wa mutane karatu, ka zauna a teburina wata goma sha huɗu kana shafa aljihu. Wannan ne ya ɓata mini rai, ba rashin iyawar ba. Litinin, ƙarfe tara. Ka zo da fensir."

"'Yata ta ba ni zuwa ƙarshen wata."

"Kwana sha tara. Na koya wa waɗanda suka fi ka taurin kai."

"Babu wanda ya fi ni taurin kai."

"Za mu gani," in ji ta, ta rufe ƙofa.

Yau Litinin. Tara saura kwata ina ƙofarta da fensir uku, don ban san wanne ne mai kyau ba. Ta zaunar da ni a teburin nan dai, ba shayi, ba biskit. Harafi biyar muka yi. Ta ce ina riƙe fensir kamar sitiyari. Sau biyu ta ƙwanƙwasa tebur da rula. Amma ni ne na ɗaya a ajin, ku rubuta ku ajiye.

Da na dawo Uwata ta kira. "Baba, me ta ce?"

"Amsa tana aljihuna."

"To me ta ce?"

"Ban karanta ba tukuna."

Ita dai ta san komai tun tana ƙarama, ita ke karanta mini takardun mota. Sai ta ce a hankali, "Ɗauko hotonta ka turo mini, Baba. Minti ɗaya ne. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"To ni dai ban fasa mota ba."

"Kada ki fasa. Ki dai bar ta a kunne, kada ki biya kuɗin lodi."

Ku ma na san ku. Na san tun ban rufe baki ba wasu sun fara rubuto mini in saka hoton takardar a nan, ga masu taimako. Kada kowa ya wahalar da yatsansa. Na buɗe ta ɗazu a bakin taga. Layi uku ne kamar yadda ta ce, kalma goma sha huɗu, na ƙirga sau biyu. Haruffan nan biyar na yau duk na tsinto su a ciki, suna zazzaune nan da can kamar fuskokin da ka sani a taron baƙi. Sun gane ni, na gane su, amma har yanzu sun ƙi gaya mini komai.

Saura kwana goma sha bakwai. Na mayar da ita aljihun hagu na maɓalle. Ni zan karanta kayata.